Ruwan Garau Ne, Amma Wa Ya Gwada Shi?

Makonni uku da suka wuce na tsaya a bakin bohol ɗin da ke ƙasan layinmu a Anguwan Rogo, inda 'yan garuwa ke cika jarkoki. Watan Maris ne, rijiyoyin gidaje sun ja baya, kura shida na layi, kowace ɗauke da jarkoki rawaya irin waɗanda aka gama sayar da man girki a cikinsu. Mai bohol ɗin dattijo ne da muke sallah sahu ɗaya. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, don Allah yaushe rabon da a gwada ruwan nan?"

Bai ji haushi ba, dariya ma ya yi. Ya tara wata gorar roba a bakin tiyo, ya ɗaga ta saitin rana. "Malam, dubi nan, kamar hawaye. Sai da muka fasa dutse kafin muka same shi. Ni shi nake sha, jikokina shi suke sha. Wane gwaji kuma?"

Na rasa ta cewa, don kuwa ruwan garau yake. Sai dai idona na kan bangon gidan hayar da ke sama da wurin, inda murfin sokawe ya tsage, kuma da na ƙirga a zuci tazarar ba ta kai taku ashirin ba. Tun ranar maganar ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga matsayina, tun kafin in yi nisa. Duk ruwan da ake sayar wa jama'a ko ake ba su sadaka a garin Jos, na bohol ne, na rijiya ne, na tanka ne, ya kamata a gwada shi aƙalla sau biyu a shekara, da rani da kuma bayan saukar damina, a rubuta sakamakon da kwanan wata a jikin tankin, inda mai saye zai gani. Kuma ba na ganin sai mun jira gwamnati kafin mu fara.

Launi, ɗanɗano, wari

Na san inda Alhaji ya samo ma'auninsa, don ni ma a can na samo nawa. A zauren malam aka koya mana cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai jirkita ba. Mun haddace, mun girma da shi, sannan a hankali muka ɗauko hukuncin alwala muka ɗora shi a kan abin da za mu zuba wa jariri a baki. Malamai ba su ce mana haka ba. Tambayar da suka amsa ita ce ko sallah ta inganta da wannan ruwa. Ko cikin yaro zai ɗauke shi, wannan wata tambaya ce daban, kuma hanci da harshe ba sa iya amsa ta.

Ƙwayar cutar kwalara ba ta da launi. Ta taifot ba ta da wari. Dalma ba ta sauya ɗanɗanon ruwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan ko ƙimar bai sani ba.

Ƙasar nan tana da ma'auni a rubuce. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ƙa'idar ingancin ruwan sha a 2007, aka sabunta ta a 2015, kuma a kan babbar magana ta yi daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya: idan aka ɗebi mililita 100 na ruwan sha, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, kada a samu ƙwayar E. coli ko guda ɗaya. Dalilin da ya sa ake neman wannan ƙwaya shi ne gidanta hanjin mutum da na dabba. In an gan ta a ruwa, to bayan gida ya samu hanyar shiga, kuma duk abin da ke bin bayan gida zai iya bin wannan hanyar. Mu faɗi abin da sunansa: gwajin ruwa, kafin komai, tambaya ce ko kashin wani yana zuwa kofinka.

Akwai wani labari daga Landan da nake tunawa duk sa'ad da aka ɗaga mini gora saitin rana. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutane sama da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusan dukansu daga famfo guda suke ɗiba, na titin Broad Street, ya sa aka cire hannun famfon. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutane son ruwan suke yi. Akwai wata gwauruwa da ta tashi daga unguwar ta koma nesa, amma kullum sai an kai mata ruwan wannan famfo saboda daɗinsa, ita ma cutar ta kashe ta. Da aka tona daga baya, sai ga ramin masai daf da rijiyar, yana tsiyaya a ciki.

"Ai bohol ne, ba rijiya ba"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Bohol ɗin da aka haƙa da kyau, aka sa bututu har ƙasa, aka cike gefensa da siminti daga sama don kada ruwan saman ƙasa ya bi jikin bututun ya gangara, ya fi buɗaɗɗiyar rijiya nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, nawa ne aka yi musu haka? Wanda ya taɓa tsayawa a kan masu haƙa ya san cewa da zarar ruwa ya feso aka yi kabbara, hankalin kowa ya koma kan famfo da tanki. Simintin gefen nan shi ne farkon abin da ake ragewa in kuɗi ya gaza, tunda ba wanda zai gan shi.

Sannan ƙasarmu ta Jos ba kamar ta sauran wurare ba ce. A kan dutse muke zaune. Ƙasar da ke sama ba ta da kauri a wurare da yawa, ruwan kuma a tsagogin dutse yake tafiya. Yashi da laka suna tace ruwa in ya bi ta cikinsu a hankali, amma tsagar dutse ba ta tace komai, hanya ce kawai. Abin da ya fita daga sokawe zai iya bin ta ya isa rijiya ba tare da ya sha wahala ba.

Yanzu mu yi lissafi. Tazarar da masu aikin tsaftar muhalli suka fi ba da shawara tsakanin masai da rijiya ita ce mita 30. Fuloti kuwa ƙafa 50 ne a 100, wato kusan mita 15 a 30. Ko da ka sa masai a ƙuryar baya, ka sa rijiya a bakin ƙofa, da ƙyar ka cika tazarar, kuma ba ka yi maganar maƙwabcinka na dama da na hagu ba, wanda kowannensu masansa na jikin katangarka. To a Gangare ko Rikkos ko nan Anguwan Rogo, gida nawa ne ma ke kan cikakken fuloti? An raba gado, an sake rabawa, wani gidan ɗaki uku ne da tsakar gida kamar tabarma, amma da rijiyarsa da masansa. Ba laifin kowa ba ne, cunkoso ne. Amma cunkoson ba ya hana ƙasa yin aikinta.

Da ruwan farko na Afrilu ko Mayu, duk abin da rani ya tara a kwata da bola sai ya taso. Rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa, ko daɓenta ya tsage, tana karɓar rabonta. Duk wata uwa a garin nan ta san lokacin da gudawa ke kama yara, ko da ba ta haɗa shi da rijiya ba. Mukan ce sabon ruwa ne.

Akwai kuma abin da tafasawa ba ta magani. An shafe shekaru da dama ana haƙar kuza a wannan tudu tun farkon ƙarni na 20, aka bar mana kududdufai da tulin ƙasa daga Rayfield zuwa Bukur har Barikin Ladi, kuma a cikin wannan tulin akwai ma'adanai masu fitar da tururin da ke illa ga jiki. Da rani tankoki na ɗiban ruwa a irin waɗannan wurare don masu gini. In tanka ta tsaya a ƙofar gidanka, ka taɓa tambayar direba inda ya ɗebo, da abin da ya ɗauka jiya? A yankin Langtang, ruwan ƙarƙashin ƙasa na da yawan sinadarin fuloraid, shi ya sa ake ganin haƙoran mutane da dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa. Iyakar da aka yarda da ita miligiram 1.5 ce a lita. Ta naitiret, wanda ke zuwa daga takin zamani da masai, miligiram 50 ce, kuma in ya yi yawa jarirai yake fara kamawa, musamman waɗanda ake dama wa madarar gwangwani. Ta dalma kuwa 0.01. Waɗannan ukun, in ka tafasa ruwan ma ƙara taruwa suke yi, don ruwan ne ke tafiya a tururi, su suna nan a tukunya.

Ban ce suna cikin bohol ɗin Alhaji ba. Cewa na yi daga ni har shi ba wanda ya duba.

Famfo da leda

Wani zai ce to a gyara ruwan gwamnati mana, a huta. Ina tare da shi. Ruwan da ke fitowa daga madatsun Laminga da na Yakubu Gowon da ke Shen yana bi ta matata, a sa masa alam ya kwanta, a tace, a sa kulorin. Amma tsakanin matata da tsakar gidanka akwai tafiya. Ka leƙa kwatar layinku ka gani. Bututan da muka ja zuwa gidajenmu, mu da masu gyaran famfonmu, a cikin kwata muka shimfiɗa su saboda ya fi arha, wani an ɗaure shi da tsohuwar robar taya. Muddin ruwa na ciki da ƙarfi, waje yake fesowa. Ranar da aka ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙar abin da ke kewaye da shi. Wannan jan ruwan da ke fara fitowa in an kawo, wanda muke cewa a bari ya wuce, ba tsatsa kaɗai ba ce.

Gwajin wannan ma ba shi da wuya. Ana so a samu ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfo. Akwai ƙwayar da ake jefawa a ɗan ruwa, in ya koma ruwan hoda to kulorin ya iso, in ya tsaya fari to ya ƙare a hanya. Minti biyu ne.

Fiya wata kuwa, ban raina aikin NAFDAC ba. Da rajista da babu ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya san yadda ake ƙulla ruwa a leda da baki kafin zamanin Dora Akunyili, tsohuwar shugabar hukumar, ya san an ci gaba. Amma lambar da ke jikin leda shaida ce a kan masana'antar ranar da aka duba ta. Ba ta ce komai a kan ko an sauya matatar bara ba, ko ledar ta yini a rana a bayan mota, ko ta kwana a ƙasa a shago ɓeraye na bi ta kai, kafin ka sa haƙori ka ɓula. Kuma ko da duk fiya wata lafiya lau take, wa ke dafa tuwo da ita? Wa ke wanke latas da kabeji da ita, ko dama kunu, ko wanke kwanon yaro? Mai gida yana shan leda yana jin ya tsira, alhali zoɓon da ya kora da shi da ruwan jarka aka yi.

"Kakanninmu sun sha, ba su mutu ba"

Waɗanda suka rayu ne ke ba da labarin. Ka zauna da kowace tsohuwa ka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka girma. Za ta ce maka goma, Allah Ya bar mata biyar, sauran sun koma tun suna goye, wannan haƙori ne, wancan ciki ne. Mun yarda kwana ne ya ƙare. Amma wancan "ciki" yana da hanya, kuma ta moɗa ya bi.

Sannan kakanninmu ba su zauna a Jos ta yau ba. Rijiyarsu na bakin fadama, masansu na bayan gari. Kogin Dilimi da suka sani ba shi ne wannan da ke ɗauke da bola da ruwan wankin mota da na kwatocin rabin gari ba, kafin ya isa lambunan da muke sayen ganye.

Ba sai mun koma zamanin da ba. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutane sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar nan, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jos ta Arewa na cikin wuraren da abin ya taɓa. An zuba kulorin a rijiyoyi, an yi shela a masallatai da coci-coci, da annobar ta lafa kowa ya koma harkarsa. Tun a Nuwamban 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsaftar muhalli. Ban ga ta iso bakin bohol ɗin layinmu ba.

Akwai kuma asarar da ba a ƙirgawa saboda ba ta kai ga makabarta. A gidana, shekarar da ta wuce, sau uku ana ce wa 'yata ta biyu "taifot da maleriya". Kowane karo gwajin jini, allurai, ƙarin ruwa sau ɗaya, sati guda ba makaranta. Na biya a gwada jinin yarinya sau uku, ban taɓa biya a gwada ruwan da take sha ba ko sau ɗaya. Da na yi wannan lissafin sai na ji kunyar tambayar da na yi wa Alhaji.

Laifin da ke cikin gidana

A nan ne maganar ta juyo kaina. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017, an gwada ruwa a wurin ɗiba, aka kuma gwada shi a cikin gida. A wurin ɗiba an samu E. coli a kusan kashi 77 cikin 100. A cikin gida kuwa ya haura kashi 90. Wato ruwa na ƙara lalacewa a hannunmu.

Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa haska tocila a cikin jarkar mai ruwa. Gindinta kore shar da gansakuka, bakinta ƙunci ne hannu ba ya shiga balle a wanke, murfin ya ɓata an toshe da leda. Tiyon da ake cikawa da shi a ƙasa yake kwance tsakanin kura da kura, cikin caɓi. In an iso gida, a juye a duro ko randa, moɗa ɗaya ce, yaro ya fito daga bayi ya tsoma hannu har wuya ya ɗebo. Randar uwargida tana sanyaya ruwa yadda firji ba ya iyawa, har da ɗan ƙamshin turaren da take yi mata, ba na so a raba ni da ita. Amma da za a sa mata murfi mai kyau da ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa, ba a rage mata komai ba.

Don haka in na ce a gwada, ba mai bohol kaɗai nake nufi ba. A gwada bakin tiyo, a gwada jarka, a gwada randa, a ga inda abin ya shiga.

"To in an gwada an ga ba kyau, sai mu sha me?"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma wani ɗan garuwa ne ya kawo mini ita, ba ɗan boko ba. Ya ce, "Yallaɓai, in ka sa aka rufe nan, a ina zan ɗiba? Kai kuma a ina za ka saya?" Gaskiyarsa. A watan Maris, unguwar da aka rufe mata bohol ba za ta koma shan ruwan kwalba ba, rafi za ta gangara. Wanda bai samu na wanke hannu ba ma cutar za ta same shi ta wata ƙofar.

Shi ya sa ban ce a rufe ba. Bangaladesh ta shiga irin wannan tsaka mai wuya. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don raba mutane da ruwan kududdufi, gudawa ta ragu, sai a shekarun 1990 aka gano da yawansu na ɗauke da gubar asenik, wadda ita ma ba launi ba wari. Ba su iya rufe su duka ba. Sai aka bi ana gwadawa, wadda ta tsira a shafa wa bakin famfonta koren fenti, wadda ba ta tsira ba a shafa ja. Ja ta zama ta wanki da wanka, kore ta zama ta sha. Bai kawar da matsalar ba, amma ko tsohuwar da ba ta karatu ta san inda za ta kai tulunta.

Mu namu ya ma fi sauƙi, domin mafi yawan abin da za a samu ƙwayoyin cuta ne, su kuwa suna da magani. A zuba kulorin a tanki daidai ƙima, a jira rabin awa. A gyara daɓen da ya tsage, a ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi, a rataye guga. A wanke tanki, don wanda ya taɓa hawa ya leƙa ya san ƙadangaru ma suna da rabo a ciki. A gida, a tafasa na sha har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin ruwa irin WaterGuard bisa umarnin da ke jikin kwalbar. Wanda ya san ruwansa na da matsala zai yi ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda aka ce masa kamar hawaye ne ba zai ɓata gawayinsa ba, kuma da tsadar gawayi da gas a yau ban ga laifinsa ba.

Hujja ta biyu da ke bin wannan ita ce abin zai zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Wani zai zo da rasit da riga mai tambari, a ba shi wani abu, ya manna takarda ya wuce. Wannan tsoron ma ba na banza ba ne. Dattawa na ba da labarin duba-gari, yadda yake shiga gida ya buɗe randa, in ya ga tsutsa a kai mai gida gaban alƙali. Ana tsoronsa, amma labarin da ake bayarwa har da na kazar da ake kama masa a zaure. Idan sakamakon gwaji sirri ne tsakanin jami'i da mai bohol, to an buɗe kasuwa. Idan kuwa a jikin tanki yake, da kwanan wata da sunan ɗakin gwajin, kuma kowa na iya ɗiban nasa samfurin ya kai wani wuri ya gwada, ƙaryar ba za ta yi nisa ba. Garin da ke da jami'a da asibitin koyarwa, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a kusa, bai rasa masu iya wannan aiki ba.

Bohol ɗin sadaka

Akwai wurin da maganar ke da nauyi a baki. Da yawa daga cikin ruwan da talakan garin nan ke sha na masallaci ne, ko wanda wani ya haƙa don iyayensa da suka rasu, ko na ɗan siyasa mai allo da hoto. Ka ce a gwada wannan, sai a ce ba ka da godiya, kyauta ake ba ka kana duba haƙori.

Ni a ganina wanda ya kashe miliyoyi yana neman ladan shayar da mutane shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da yake shayar da su. Addinin da ya ce babu cuta babu cutarwa bai ware sadaka ba. Kuɗin gwaji bai kai na fentin allon ba. Kwamitin masallacin da ke tara kuɗin man janareta duk Juma'a zai iya ware na gwaji sau biyu a shekara, liman ya faɗi sakamakon bayan sallah kamar yadda yake sanar da ɗaurin aure. Mai unguwa zai iya tara masu bohol na yankinsa su haɗa kuɗi, a zo a ɗebi samfurin rana ɗaya, a kwalabe masu tsabta, a cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji cikin 'yan awanni. Gwajin sinadarai ya fi tsada, amma ba kullum ake yinsa ba, tunda abin da ke cikin dutse ba ya sauyawa da sauri kamar abin da ke fitowa daga masai. Kuma ruwa bai san iyakokin da muka shata wa juna a garin nan ba. Kwatar da ta taso daga wata unguwa a wata take ƙarewa.

Na koma wurin Alhaji bayan sati guda. Wani ƙanena da ke aikin lafiyar muhalli ya samo mini 'yan ƙananan kwalabe masu takarda a ciki, irin waɗanda ake cikawa da ruwa a rufe a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya koma baƙi to akwai alamar bayan gida. Ba su kai ɗakin gwaji ba, amma suna nuna hanya. Alhaji ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce, "Na yarda, Malam, amma da sharaɗi. Har randar gidanka za mu gwada." Na ce na yarda.

Muka cika uku, ɗaya daga bakin tankinsa, ɗaya daga jarkar ɗan garuwan da ke kai mana, ɗaya daga randar uwargida. Na jera su a kan kabad inda yara ba sa kaiwa. Washegari da daddare ta randa ta yi baƙi ƙirin. Ta jarka ta biyo ta da safe. Ta Alhaji kuwa har kwana biyu suka cika tana nan yadda take.

Da na kai masa, sai da ya kira 'yan garuwa su zo su gani, yana ɗaga tasa saitin rana kamar yadda ya ɗaga gorar. Na bar shi ya more, sannan na nuna masa murfin sokawen nan, na ce rani ne, ƙasa a bushe take, sai mun sake bayan ruwa ya sauka sau uku. Ya ce Allah Ya kai mu. Uwargida kuwa ba ta yi mini magana ba sai da ta kwashe ruwan randa, ta wanke ta da ruwan zafi, ta aiki yaro kasuwar Terminus ya sayo ludayi.